Arzikin Duwatsun Jos: Tambayoyin da Mutanen Katsina da Daura Suka Fi Yi Kan Kuza, Dankali da Ruwa

Wanda duk ya sayi dankalin turawa ko kabeji a babbar kasuwar Katsina ko a Daura, mai yiwuwa wani kaso na kuɗinsa yana hanyar zuwa aljihun wani manomi a kan duwatsun Jihar Filato. Akwai kuma gidaje a nan da kakansu ya tafi haƙar kuza Jos, wani ya dawo, wani can aka yi masa sutura. Ga amsoshin tambayoyin da 'yan kasuwa, ɗalibai da matasa masu shirin ci-rani suka fi yi a kan arzikin wannan yanki.

Me ya sa ƙasar Jos ta sha bamban da tamu, alhali duk Arewa ce?

Tsayi ne. Garin Jos yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da garin kuma sun kai mita 1,829. Birnin Katsina bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da muke fama da digiri 40 a nan, mutumin Bukur, garin da ke kusa da Jos, yake kwana da mayafi. Ruwan sama ma haka: Jos tana samun wajen milimita 1,400 a shekara, ninki biyu ko fiye na abin da ke sauka a Katsina da Daura.

Ruwan nan ba ya tsayawa a saman dutse. Kogin Kaduna da na Gongola daga can suka taso, Dilimi da ke ratsa cikin Jos kuma yana gangarawa ya shiga kogin Jama'are, ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. Sai dai kada a ɗauka ƙasar duk taki ce. Yawancinta tsakuwa ce da jangargari da ruwa ya wanke. Inda ta fi kyau shi ne kewayen tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka mutu tuntuni, wajen Panyam da Kerang a ƙasar Mangu.

Mene ne kuza, me ake yi da shi?

Baƙin yashi ne mai nauyi. Asalinsa yana cikin duwatsun, ruwan sama na shekaru aru-aru ya farfasa su ya tara shi a tsofaffin hanyoyin rafi, ƙasa ta binne. In an narka shi sai a sami farin ƙarfe mai laushi wanda digiri 232 ke narkarwa. Da shi ake shafe gwangwanin madara da na tumatir don kada ya yi tsatsa, shi ne kuma babban abin da ke cikin dalmar da mai gyaran waya yake ɗigawa yana liƙa ƙananan wayoyi. Yawan kayan lantarki a duniya ne ya sa har yau yake da kasuwa.

Yana da abokin tafiya, kolombait, wanda ake fitar da ƙarfen da ke ƙara wa baƙin ƙarfe ƙarfi da jure zafi. Da farko zubar da shi ake yi a matsayin shara. A shekarun 1950, da masu ƙera injin jirgin sama suka buƙace shi, Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Turawa ne suka gano shi?

A'a. Tun kafin su zo, maƙeran Liruwe, wato Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a Jihar Kano, da 'yan uwansu na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, suna wanke kuza suna narka shi, su zuba shi sirara-sirara, fatake su saya su kai kasuwanni. Waɗannan siraran ne Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya gani a hannun fatake ya bi sawunsu. A 1902 ya tura masu bincike, a 1904 aka fara haƙa a Naraguta. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka yi wa yankin ca, aka yanka musu filaye, sana'ar maƙeran gida kuwa aka danne ta har ta mutu.

Da farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso, a 1927 kuma babban layi daga Kafancan ya haɗa Jos da Fatakwal. Wutar lantarki ta ruwa da aka kafa a Kurra wajen 1930 don injinan haƙa ta sa Jos ta riga garuruwa da yawa ganin wuta. Garuruwa irin su Bukur, Barikin Ladi da Bisichi duk da aikin kuza suka bunƙasa, kuma leburori, mahauta, 'yan tireda da malamai daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zazzau da Barno suna cikin waɗanda suka cika su.

Kakana yakan ambaci "diban gwamna" yana girgiza kai. Mene ne wannan?

Allah ya jiƙan mazan jiya. Wannan babi ne da ya kamata kowane Bakatsine da Badauri ya sani, don da guminmu aka rubuta shi.

A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, ƙasar da ke kan gaba wajen fitar da kuza a lokacin, ga yaƙin duniya na biyu ya yi zafi. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin dole a wuraren haƙar kuza, shi ne abin da mutane suka kira "diban gwamna". Aka yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo, Razdan ya aika wa En'e, En'e ta aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai da masu unguwanni. Lardin Katsina, wanda ya haɗa da Daura, yana cikin waɗanda aka ɗeba, a ƙarshen zamanin Sarki Dikko a Katsina, Sarki Abdurrahman kuma yana kan gadon Daura. Tsakanin 1942 da 1944 kimanin mutum 100,000 aka kwasa daga lardunan Arewa.

Ka ɗauki manomin da bai taɓa barin ƙasar Kaita ko Sandamu ba, da 'yar taguwarsa, a sauke shi a kan tudun da sanyinsa ke ratsa ƙashi, a sa shi ya wuni cikin taɓo da kwanon ƙasa a ka, ya kwana a bukkar da aka cunkusa mutane, abinci ba ya isa. Ciwon haƙarƙari da atuni suka yi ta ɗaukar mutane. Da yawa suka gudu da ƙafa. A gida kuma gonaki suka rasa masu noma, ga haraji bai tsaya ba. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kuma ba a sake kaiwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ribar tana hannun masu hannun jari a Landan. A 1944 aka soke dokar.

Wanda yake da dattijo a gida da ya ji labarin nan daga bakin mahaifinsa, don Allah ya zauna da shi ya naɗa a waya. Sunayen mutanen nan ba su cikin littattafan makaranta.

To ina kamfanonin suka tafi, kuma me suka bari?

Abubuwa ne suka taru. Kuzan da ke kusa da sama ya ƙare, wanda ya rage yana can ƙasa, wani ma a ƙarƙashin dutse, haƙo shi sai da tsada. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawan suka daina zuba jari. A watan Oktoba na 1985 kuma farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan. Babban kamfanin haƙar kuzan nan mai suna ATMN da ke Bukur ya koma hannun gwamnati ya durƙushe, masana'antar narka kuza ta Makeri da aka buɗe a farkon shekarun 1960 ita ma ta bi sahu.

Abin da aka bari shi ne ramuka. Tsakanin Jos, Bukur, Barikin Ladi da Bokkos akwai tsofaffin wuraren haƙa fiye da 1,000, da yawa sun zama kududdufai masu zurfi, gefensu tsibin ƙasar da ciyawa ma da ƙyar take fitowa. Yara da shanu suna nutsewa a ciki. Yashin da ya rage bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, mai illa ga jiki in an daɗe tare da shi, amma ana ɗiba a yi yaɓe da daɓe saboda rashin sani. Mutanen Berom, waɗanda gonakinsu ne aka tone, su suka fi kowa asara.

Amma kududdufan nan su ne yau ke shayar da lambunan rani. Masu lambu Hausawa ne suka fara da jigo a bakin Dilimi suna sayar wa Turawan kuza latas da karas, 'yan ƙasa suka koya, injin ban-ruwa ya zo, sai ga shi noman rani ya mamaye bakin kowane rami. A ganina wannan shi ne arzikin Filato na gaskiya a yau: sanyi da ruwa. Kuza sau ɗaya ake haƙarsa daga wuri, kabeji kuwa bana a cire baɗi a sake dasawa.

Malam, ƙanena ya matsa sai ya tafi haƙar kuza, wai ana samun kuɗi. Me za ka ce?

Ana samu, ba za a yi maka ƙarya ba. Amma ka zaunar da shi ka faɗa masa yadda aikin yake. Abin da suke kira loto rami ne mai faɗin bakin rijiya, a yi ta nutsawa ƙasa har a taɓo yashin kuza, sannan a riƙa kurɗawa gefe a tsugune. Da igiya ake zura mutum, tocila ɗaure a goshi, biyu a sama suna murza ƙarfen da ke naɗe igiyar suna fito da ƙasa a cikin yankakkiyar jarka. Injin zuƙe ruwa yana gefe yana ƙara, in ya mutu ruwa ya taso. Babu katakon tokare rufi. Mata a bakin rafi suna wanke yashin a kwano, farin ya tafi, baƙin ya kwanta a gindi. Da damina ƙasa takan jiƙa ta rufta, kuma kusan kowace shekara ana jin labarin waɗanda ta rufta da su.

Sannan kuɗin rabo ne. Mai fili yana da kaso, wanda ya sayi fetur da abinci kafin a dace yana da kaso, kuma galibi shi ne za a sayar wa kayan a farashin da ya yanka. Ana iya wata guda ana haƙa ba a ga komai ba, bashi yana hawa.

Ta fuskar doka, sashe na 44(3) na tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonarka yake. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan masu haƙa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce shiga ƙungiyar gama-kai mai rajista. A farkon 2025 gwamnatin Filato ta dakatar da haƙa a faɗin jihar saboda tsaro, don haka baƙon da ya je ba takarda ba mai masauki yana iya ƙarewa a hannun hukuma. In ya nace sai ya tafi, ya je wurin wanda kuka sani, kada ya shiga rami da damina, kada kuma ya kawo ɗanyen dutse gida ya daka. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai gubar dalma a tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum.

Me ya sa dankalin turawa yake yi a can, a nan ba ya yi da damina?

Dankalin turawa yana son dare mai sanyi. In zafin ƙasa ya yi yawa sai ya yi ta ganye ba ya saka 'ya'ya. Bokkos, Mangu da Barikin Ladi suna da wannan sanyi har da damina, don haka suna yin na damina su kuma yi na rani, kowanne wajen wata 3. Daga Filato mafi yawan dankalin turawan ƙasar nan yake fitowa, akwai kuma tashar bincike a kansa a Kuru. Babban abokin gabarsa can shi ne cutar ƙunar ganye da ke zuwa da yawan ruwa da hazo, tana iya cinye gona cikin kwanaki. Na biyu shi ne iri: ana ta maimaita wanda aka cire daga gona shekara da shekaru har ya gaji.

A nan ƙofarmu ɗaya ce, hunturu. Mai fili a bakin madatsar Zobe, Jibiya, Ajiwa ko Sabke zai iya gwadawa in ya shuka a Nuwamba ya haƙe a Fabrairu. Wanda ya bari har Janairu, zafin Maris zai tarar da shi. A fara da ƙaramin fili, a kuma nemi irin da ya fara tsiro.

Ina son fara saro dankali da kayan gwari daga Jos zuwa Katsina. Ta ina zan fara?

Hanya biyu ce. Ko ka bi Kano, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jengre, ka hau Jos, ita ce ta mutumin Daura ta Kazaure. Ko ka bi Funtuwa, Zariya, Pambeguwa ka haɗu da waccan a Saminaka. Kayan gwari suna taruwa a kasuwar Farin Gada cikin Jos, dankali kuwa ya fi sauƙi in ka gangara kasuwannin Mangu da Bokkos.

Ka nemi dillali ta hannun wanda ya daɗe yana zuwa, ka biya shi la'adarsa da daɗin rai, ya fi ka sanin buhun da aka yi wa kwalliya. Kada ka yarda da abin da ke bakin buhu, a zazzage ɗaya a gabanka. Ka ɗauki ƙwaya ka murza da babban yatsa: in fatar ta saluɓe, an haƙe shi bai nuna ba, ba zai jure hanya ba. Ka duba mai tabon ruwan ƙasa da mai ɗigon jiƙa a jikin buhu, ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya tana kama na kusa da ita. Wanda ya yi kore kuma rana ta buge shi, yana da ɗaci, ba a son cinsa.

Kaya sun fi araha daga Yuli zuwa Satumba, amma na lokacin ne ya fi ruwa ya fi saurin lalacewa. Yana sauka Katsina a kwance buhunan a baza shi a inuwa, inda iska ke shiga, ba a kan siminti mai zafi ba. Sabon shiga ya haɗa mota da wasu, kuma ya san wa zai sayar wa kafin ya yi lodi: masu suyar dankali da ƙwai, gidajen abinci, 'yan kiri. Da azumi kasuwarsa ta fi tashi.

Dabbobi fa?

Saman tudun ba shi da ƙudan tsando mai kawo sammore, wannan ya jawo Fulani da shanunsu tun farkon ƙarni na 20. Shi ya sa kuma aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom a 1924, wadda har yau take yin alluran rigakafin shanu, awaki da kaji da malaman dabbobinmu ke amfani da su. Kajin gidan gona ma sun fi sakewa a can, don zafi ba ya kashe su yadda yake yi mana a bazara.

Rikicin Filato yana da alaƙa da wannan arziki?

Yana da ita, ko da yake ba ita kaɗai ba ce. Haƙar kuza ta cinye gonaki da makiyaya, ta kuma tara al'ummomi daban-daban a wuri guda ba tare da an warware wa ke da iko da me ba. Berom, Afizere da Anaguta suna cewa ƙasar kakanninsu ce. Hausawa da Fulanin da aka haifi kakanninsu a can suna cewa ba su da wani gari sai nan. Ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ya ƙara zafafa gardamar, siyasa da addini suka shiga. An yi mummunan tashin hankali a 2001, 2008 da 2010, daga baya ya koma ƙauyuka, inda noman rani ya kai har bakin ruwan da shanu ke sha. Kowane ɓangare ya binne nasa, kuma ran kowa rai ne.

Ga ɗan kasuwa: ka kira mai masaukinka kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana, kada ka shiga gardamar da ba ka san tushenta ba. A kasuwa kuwa za ka tarar manomi Kirista da dillali Musulmi suna ciniki da amana ta shekaru.

Ƙasar tudun Mambila ita ma haka take?

Ta fi Jos tsayi da sanyi, wajen mita 1,600, a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, babban garinta Gembu. Arzikinta shanu ne da ganyen shayi na Kakara. Tashar lantarkin da aka tsara mai megawat 3,050, wadda aka sa hannu kan kwangilarta da kamfanonin Sin a 2017, har yanzu ba a gina ta ba. Nisa da wahalar hawa sun sa cinikinmu da ita bai kai na Jos ba.

Mu ma ai muna da duwatsu a Dutsin-Ma da Batsari da Safana. Ba za su yi mana irin wannan ba?

Namu duwatsu ne da suka tsaya ɗai-ɗai a tsakiyar fili, ba su ɗaga ƙasar gaba ɗaya ba, don haka ba su canja mana yanayi. Amfaninsu tsakuwar gini da ta hanya. Abin da muke da shi na a zo a gani shi ne farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake sawa a fenti, takarda, tangaran da magunguna. Muddin ɗanya ake lodawa a tirela, to hanyar da kuza ya bi ce muke bi, ramin namu, ribar ta wani. Wankewa da niƙawa da tacewa a nan gida su ne ke kawo aikin yi, kuma tun kafin a ba kowa fili ya kamata a rubuta wa zai cike ramin in ya gama. Duk wannan ma sai an samu tsaro a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu.

In mutum zai je ya gani da idonsa, ina zai nufa?

Ya fara da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A can akwai gumakan yumɓu na Nok, masu shekara fiye da 2,000, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna. A harabar kuma akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano, masallacin Zariya da wani ɓangare na gidan Sarkin Katsina da tubali da ƙasa. Daga nan ya ɗauki hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi, kududdufan kuza da lambunan da ke bakinsu suna nan dama da hagu. Farin Gada kuwa da sassafe ake zuwanta, lokacin da motocin ƙauye suke sauke kaya ana yanka farashin ranar.